Challenger da Columbia: wa ya gani da idonsa?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya da dare yarona ya zo da aikin gida kan sararin samaniya, muna cikin bincike a YouTube sai muka faɗa kan bidiyon fashewar kumbon Challenger. Sau uku na kalla. Fuskokin iyayen malamar makarantar da ke cikin kumbon, waɗanda ke cikin 'yan kallo, sun ɗaga kai sama ba su gane me ya faru ba, su suka hana ni barci. An ce min Baba Injiniya yana Amurka a lokacin. Baba, da gaske ka gani? Duk wanda ya tuna ranar don Allah ya ba mu labari, ni ko haifata ba a yi ba.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Nura, ka fama min tsohon miki. Na gani, da idanuna biyu. Ina karatu a Florida lokacin, a wani gari da ke arewa da inda ake harba kumbo, tafiyar kamar sa'a guda a mota. Ni da abokin ɗakina, wani ɗan Ghana, mun fara zuwa ranar Litinin 27 ga Janairu. Muka yi ta zaman jira a bakin ruwa a garin Titusville, sai aka ce wani noti a jikin marfin ƙofar kumbon ya ƙi kwancewa, kafin a gama da shi iska ta taso, aka ɗage. Na koma da haushi har na ce ba zan sake zuwa ba. Shi ya matsa min.

Talata 28 ga Janairu 1986. Na san hunturun Zariya, amma sanyin daren nan daban ne. Ruwa ya daskare a bakin famfon waje, masu gonakin lemo sun kwana cikin fargaba. Muka isa da sassafe da filas ɗin shayi da bargo ɗaya muna rabawa. Motoci sun yi layi a gefen titi, kowa ya buɗe rediyon motarsa, duk murya ɗaya kake ji tana fitowa daga ko'ina. Aka sake jinkirtawa kamar sa'o'i biyu. Ƙarfe 11:38 ya tashi.

Tsakaninmu da wurin kusan kilomita 20 ne, don haka haske kake fara gani, tsit babu sauti. Haske ne irin na walda, ba ka iya tsura masa ido. Sai bayan kusan minti guda rugugin ya iso, ka ji shi a ƙirjinka kafin kunnenka. To rugugin nan bai gama wuce mu ba, jama'a na ta tafi da sowa, sai hayaƙin ya kumbura ya zama wani ƙaton dunƙule fari da ruwan lemo, sannan ya rabu biyu kamar gwafa. Daƙiƙa 73 kenan da tashinsa.

Wallahi mun ci gaba da tafi. Ni ma na tafa, kuma har yau abin yana damuna. Mun ɗauka haka ake yi, rokokin gefe ne suka rabu da shi. Wani dattijo Bature da ke kusa da mu, da gani ya saba zuwa, shi ya sauke madubin hangen nesansa ya ce a'a, lokacin rabuwarsu bai yi ba, sai an ci minti biyu. Mutumin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a rediyo ya ci gaba da karanto nisa da gudu kamar ba abin da ya faru. Sai ya yi shiru. Da ya dawo sai ya ce lallai an samu babbar matsala. Can sai aka hango wata lema tana saukowa a hankali, wata mata ta ƙwalla ihu ta ce ga su nan, sun tsira. Ashe ta jikin roka ce. Mun fi rabin sa'a a tsaye muna kallon abubuwa suna zubowa cikin teku, kowane da siririn hayaƙinsa a baya. Babu wanda ya tayar da mota.

Anti Rabi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, tsigar jikina ta tashi.

Malam Sani: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Mu a nan kunne ne ya gani. Lokacin da abin ya faru ana shirin magariba a Najeriya, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a ƙauye, babu wuta balle talabijin. A shirin dare na BBC Hausa na ji, da 'yar rediyona mai batir. Da aka ce cikin mutum bakwai akwai malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda aka zaɓo daga cikin malamai sama da 11,000, kuma an shirya za ta koyar da darasi daga can sama, sai na ji kamar 'yar'uwata ce. Aikinmu ɗaya. Ɗalibanta suna zaune a ɗakin taro suna kallo kai tsaye. Na kwana ina tunanin yaran ajina, a ce su ne suka ga haka.

Washegari a majalisa wani tsoho ya ce ai maganinsu kenan, sun tafi leƙen abin da Allah ya ɓoye. Ban iya yi masa musu ba saboda sa'an mahaifina ne, amma raina bai so ba. Watanni bakwai kacal kafin nan, a Yunin 1985, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau irin wannan kumbo ya je ya dawo lafiya, duk muka yi ta murna Musulmi ya je sama. Kuma yaran yanzu ba su sani ba, a farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a nan Kano. Da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya a 1962, tashar Kano na cikin masu sauraronsa.

Abba: Baba ku yi haƙuri, amma ni na ga wani bidiyo a TikTok da aka nuna hotunan mutum bakwai ɗin yanzu, an ce duk suna raye, wasu ma suna koyarwa a jami'a da sunayensu. Anya ba shiri ba ne irin na Amurka?

Baba Injiniya: Abba ɗana, ka goge wannan bidiyon daga wayarka. Masu yin sa suna nemo mai irin suna ne, ko ɗan'uwan mamacin da suka yi kama, su jera hotuna. A watan Maris na shekarar masu ninƙaya na sojan ruwa suka gano ɗakin matuƙan a ƙarƙashin teku, da gawarwakin a ciki, aka miƙa wa iyalansu suka binne. Abin da ya fi ciwo ma, bincike ya nuna ɗakin bai tarwatse a sama ba. Ya fita daga cikin wutar a dunƙule, ya ci gaba da hawa, sannan ya juyo, ya ɗauki fiye da minti biyu da rabi kafin ya bugi ruwa. An samu jakunkunan iskar gaggawa huɗu, uku a kunne. Wato akwai waɗanda suka rayu bayan abin da muka gani, ko da na ɗan lokaci ne, har hannu ya kai ga makunni. Lokacin nan ni ina tsaye da kofin shayi.

Mu baƙaƙen ɗalibai Ronald McNair, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, muka je gani. Baƙar fata ne daga wani ƙaramin gari a South Carolina, wanda yana ɗan shekara tara aka hana shi aron littafi a laburaren garinsu saboda launin fatarsa, ya ƙi fita har aka kira 'yan sanda. Ya girma ya yi digirin digirgir a kimiyyar fiziks a jami'ar MIT. Ya bar mata da ƙananan yara biyu. Ka je ka gaya musu yana raye.

Abba: Allah ya ba da haƙuri Baba. Ban san haka ba.

Ustaz Kabiru: Jama'a, abin tausayi ne ƙwarai. Amma mu tuna, kowane rai da ajalinsa, idan ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda. Waɗannan bakwai an rubuta a nan za su cika. Ko a gado suke ranar, da sun tafi.

Zainab: Ustaz, babu Musulmin da zai ja da ajali. Amma ni aikina kenan, injiniyar injuna ce, kuma wannan labarin da shi aka koyar da mu a aji. An san matsalar tun kafin a tashi. Rokokin gefe guda biyu ba a ƙera su a dunƙule ba, gunduwa-gunduwa ake haɗa su, a kowace mahaɗa akwai zoben roba guda biyu da ke toshe wuta kada ta fita ta gefe. Roba kuwa idan ta sha sanyi sandarewa take, kamar silifas da ya kwana a waje da hunturu. A daren 27 ga wata injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin suka yi taro ta waya da NASA, suka ce kada a harba idan yanayi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Celsius, domin ba a taɓa harbawa ƙasa da haka ba. Roger Boisjoly, ɗaya daga cikinsu, tun watan Yulin 1985 ya rubuta takarda cewa abin nan zai iya cin rayuka. Wani jami'in NASA ya fusata ya ce to sai yaushe, sai Afrilu? Manyan kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintuna, suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka dawo suka ce a harba. Allan McDonald, wakilin kamfanin a Florida, ya ƙi sa hannu, aka sa wani ya sa. Da safe ma'auni yana wajen digiri 2. Zoben rokar dama ya kasa toshewa, wuta ta fito ta gefe ta huda babban tankin mai.

Ustaz Kabiru: Malama Zainab, na ji bayaninki kuma na ƙaru. Ban ce a yi sakaci ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abin da nake tsoro shi ne kalmar "da". Da sun saurara, da ba su mutu ba. An hana mu wannan, domin tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan.

Zainab: Na yarda Ustaz, idan "da" ɗin ta baƙin ciki ce da jayayya da hukuncin Allah. Amma wanda aka ba amanar rayukan mutane aka gaya masa raƙumin a kwance yake ya ce a tafi haka, dole a tambaye shi. A wurinmu da zarar an ce ƙaddara sai a rufe fayil, wanda ya yi gargaɗi kuma shi ne mai baƙin baki. Ya faru da ni. A wata masana'anta da na yi aiki, na rubuta sau biyu cewa bawul ɗin tukunyar tururi ya daina saki idan matsi ya yi yawa. Oga ya ce oda ta yi mana yawa, a bari sai bayan sallah. Na ƙi sa hannu a takardar dubawa. Sati bai cika ba aka mayar da ni sito ina ƙirga kwalaye. Har yau idan na wuce ta unguwar sai na kalli bututun hayaƙinsu gabana na faɗuwa.

Malam Sani: 'Yata, Allah ya saka miki. Shi ma Boisjoly ɗin an ce haka abokan aikinsa suka juya masa baya bayan ya ba da shaida.

Zainab: Haka ne Baba, bai daɗe ba ya bar kamfanin. Wanda ya fito da abin fili kowa ya gane shi ne Richard Feynman, masanin fiziks da ke cikin kwamitin bincike. Ana tsakiyar zama a gaban kyamara ya matse guntun robar da ɗan ƙarfe, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya saki, robar ta ƙi komawa yadda take. Kofi ɗaya na ruwan sanyi.

Hajiya Maryam: Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aikin dare na tarar da wannan zance, na karanta tun daga sama. Yaya Injiniya ya ga na farko, ni Allah ya nuna min na biyu. Ina aikin jinya a gabashin Texas, kusa da garin Nacogdoches. Asabar 1 ga Fabrairu 2003, wajen ƙarfe takwas na safe, ina kicin ina dama wa yara kunu. Sai gidan ya ɗauki rawa. Ba ƙara ɗaya ba ce, rugugi ne mai tsawo kamar jirgin ƙasa zai bi ta cikin falo, tagogi na kaɗawa, karnukan unguwa duk suka ɗauki haushi. Na fita tsakar gida da ludayi a hannu. Sama garau, shuɗiya, sai wasu fararen layuka da yawa sun ja daga yamma zuwa gabas, suna rarrabuwa.

Gaskiya abin da ya fara zuwa raina hari ne. Ba a fi shekara ɗaya da 'yan watanni da harin 11 ga Satumba a Amurka ba, ana ta shirin yaƙin Iraƙi. Da talabijin ta ce kumbon Columbia ne, kuma akwai Ba'isra'ile a ciki, Ilan Ramon, sai ƙafafuna suka mutu. Na ce shi kenan, za a ce mu ne. Ni kaɗai ce mai hijabi a layinmu. Na kira maigida a wurin aiki na ce kada ya tsaya ko'ina. Alhamdulillahi kafin yamma hukuma ta ce babu alamar hari, domin kumbon yana nisan kusan kilomita 60 a sama, babu makamin da zai kai can.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa Baturiya, ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce in zo in gani. A kan ciyawar bayan gidanta ga wani abu kamar guntun bulo, bai fi tafin hannuna ba, gefe ɗaya baƙi gefe ɗaya fari, gefensa ya ƙone. Ɗaya daga cikin tayil ɗin da ke kare cikin kumbon daga zafi ne. Ana ta sanarwa kada a taɓa komai saboda guba. Ta ɗauko kwandon wanki ta kife a kai, muka tsaya mu biyu muna gadi har ɗan sanda ya zo ya kewaye da igiya. Tana kuka tana riƙe da hannuna. Minti 16 ya rage su sauka a Florida, iyalansu na can bakin fili suna jira.

Anti Rabi: Hajiya, bai faɗa kan kowa ba? Ni da na ji tarkace a kan gidaje sai na tuna jirgin da ya faɗo Gwammaja a watan Mayun 2002. Ina Kano ranar, ba na son tunawa.

Hajiya Maryam: Anti, ikon Allah, ko mutum ɗaya bai mutu a ƙasa ba, duk da cewa an tsinci guntaye sama da 80,000 daga Texas har Louisiana. Amma wajen nema wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a daji, mutum biyu suka rasu. Watanni aka yi ana bin dazuzzuka a jere, kafaɗa da kafaɗa. Mutanen garin Hemphill, inda aka samu gawarwakin, su suka riƙa dafa wa masu neman abinci kyauta. Muna ganinsu a asibiti da ƙafafu duk ƙaya da kumburi.

Zainab, abin da kika faɗa shi ya sake faruwa. Wani guntun soso da ake lulluɓe tankin mai da shi, bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle wajen tashi ranar 16 ga Janairu ya bugi fiffiken hagu. An gani a bidiyo washegari. Ƙananan injiniyoyi suka roƙa a sa tauraron ɗan'adam na soja ya ɗauko hoton fiffiken, manya suka ce ba buƙata, ai soso ya saba faɗuwa. Kwana 16 suna sama suna aikinsu da rami a fiffike. Da suka juyo, iska mai zafi ta shiga ta ramin ta narkar da shi daga ciki.

Nura: Hajiya, to ko an ɗauki hoton, me za a iya yi? Ba sun riga sun tafi ba?

Zainab: Kwamitin bincike ya duba wannan. Ana shirya kumbon Atlantis don tafiya a farkon Maris. Sun ce da an gane da wuri, za a iya gaggauta shi, su kuma na Columbia su tsuke abinci da iska har zuwa tsakiyar Fabrairu, a je a kwaso su. Da haɗari sosai, amma mai yiwuwa ne. Kuma da wasu suka dage cewa soso ba zai iya fasa fiffike ba, a watan Yuli aka harba irinsa da bindigar iska a kan irin fiffiken a San Antonio. Ya huda rami mai faɗin kusan santimita 40.

Ustaz Kabiru: Ga "da" ɗin nan ta dawo, Malama. Amma na fahimci inda kika dosa. Ni dai ina nan a kan cewa kwanansu ne ya ƙare, ke kuma kina kan cewa akwai masu amsa tambaya. Ban ga ɗaya ya kore ɗaya ba. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu idan aka ba mu amana.

Isuhu Maraɗi: Amin Ustaz. Mu nan Nijar a rediyo muka ji na 2003, ana ta jigilar alhazai lokacin. Abin da na riƙe shi ne 'yar Indiyar nan, Kalpana Chawla, ɗaya daga cikin waɗanda suka rasu a Columbia, wadda ta taso a wani gari Karnal ta kai har can. Ɗiyata ta fari tana aji shida lokacin, ta yanko hotonta a jarida ta liƙa a bangon ɗaki. Yanzu ita ke koyar da lissafi a sakandare.

Nura: Allah ya yi mata albarka. Baba Injiniya, tambaya ta ƙarshe. Bayan abin da ka gani, ka sake komawa kallon harba kumbo?

Baba Injiniya: Sau ɗaya. An dakatar da tashi wata 32, sai ranar 29 ga Satumba 1988 aka harba kumbon Discovery. Na kusa gama karatu, na ce sai na je. Abokina ɗan Ghana ya ce shi ya gama da wannan har abada, don haka ni kaɗai na tafi, na tsaya kusan daidai inda muka tsaya. Jama'a sun ninka na wancan karon. Da ya tashi an ɗan yi sowa, sai wurin ya yi tsit. Ni agogon hannuna nake kallo, ina ɗaga kai ina sunkuyarwa, bakina yana ta Hasbunallahu. Na ga allurar ta wuce daƙiƙa 73. Wani ƙato da ke gefena, ban san shi ba, ya damƙe min kafaɗa har sai da na ji zafi. Babu wanda ya tafa sai da aka ci minti biyu, muka ga rokokin nan biyu sun rabu da shi sun yi gefe, ɗigon hasken kuma ya ci gaba da hawa shi kaɗai. A nan mutumin ya sake ni ya zauna a kan bonet ɗin motarsa ya rufe fuska. A watan Disamba na tattara na dawo gida.